Folish a Wayar Balangun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanin matata ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarsu ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta layin a kan babur, sai wani ya ɗaga hannu daga bakin shago ya ce, "Na-Waje, a sauka lafiya!" Ni ma sai in ɗaga masa hannu in wuce. Ba wanda ya zalunce ni, ni na jawo wa kaina sunan da bakina.

Bari in fara da gaya maka ko ni wane ne. Sana'ata wankin mota. Ina da rumfa a bakin titin da ya fita zuwa Malam Madori, da injin feshin ruwa ɗaya da tanki biyu. Boko ban yi nisa ba, sakandare ma da kyar na fita, amma a kan goge mota ban yarda akwai wanda ya fi ni a Haɗeja ba, kuma wannan ba ya cikin abubuwan da na tuba a kansu. Kawo mini motar da ta kwana uku a taɓon fadama. Zan wanke ta, in tsane ta, in bi ta da folish, man nan da ake shafa wa jikin mota a goge, ta yi sheƙi, ruwa ya riƙa zamewa a kanta. In na gama, sai ka ga mai motar ya tsaya yana gyara hularsa a jikin ƙofa. Matsalata ɗaya ce, ban san inda aikin folish ya tsaya ba. Na yi wa firjin gidana. Na yi wa ƙofar ɗaki. Na taɓa yi wa sirdin babur ɗina (ranar a kwanar kasuwa na zame, babur ya yi gabas ni na yi yamma, amma ban ɗauki darasi ba).

Surukina kuwa mahauci ne, gadon gidansu. Ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce masa kamar yadda 'ya'yansa ke ce masa. Ya fi shekara talatin yana gasa balangu, kuma in ana lissafin masu gashi a garin nan ba a tsallake shi. Kayan aikinsa ba su da yawa: rabin duro da aka tsaga a kwance aka yi masa ƙafafu huɗu, a zuba gawayi a ciki, sai wayar gashi da ake ɗorawa a sama a shimfiɗa nama. Duron an sha canja shi, in ya huje a yanko wani. Wayar ce ba a taɓa canjawa ba. Wani maƙeri ne ya yi masa ita tun kafin a haifi Rabi, matata, da ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa. Baƙa ce wuluk, kitse ya hau kan kitse shekara da shekaru har ta yi wani irin ɓawo. Duk lokacin da na gan ta sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Tsakanina da Baba sai gaisuwa. Ka san yadda abin yake: in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, kaina a ƙasa, in ce, "Baba ina wuni," ya amsa yana kallon wani wajen. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa ban taɓa sha ba. In yana da magana da ni, ta bakin Rabi take zuwa. Kuma tun farko na san bai ɗauke ni da wani nauyi ba. An ba ni labari cewa lokacin neman aure, da aka gaya masa sana'ata, sai ya ce, "To, ai tsabta ce." Iyakar abin da ya ce ke nan. Wannan "ai tsabta ce" ta daɗe tana ci mini rai, musamman da yake sauran surukansa biyu, ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya kuma yana da injin casar shinkafa.

Gidan Baba a gangare yake, kusa da kogi. Duk shekarar da ruwa ya yi yawa, ƙarshen damina kogin kan cika ya shigo musu har tsakar gida, sai a kwashe kaya a rarraba gidajen 'yan'uwan da ke kan tudu. A shekarar da nake ba ka labari, aurenmu bai cika shekara ba, ruwa ya zo da ƙarfi. Buhunan hatsi aka kai gidan mai injin casa. Akwatunan Inna, surukata, aka kai gidan malamin makaranta. Ina zaune da yamma sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gidana, ɗauke da duro da waya.

Rabi ta ce, "Baba ya ce a ajiye masa a nan har ruwa ya janye. Ya ce a sa inda babu danshi."

Na miƙe tsaye na gyara wuyan riga. Na ce, "Kin gani ko? Cikin surukai uku, ni aka ba wa abin da ake cin abinci da shi."

Ta ce, "Don zaurenka ne babu komai a ciki."

"Ke ba ki san yadda manya suke gwada mutum ba."

"Ni dai abin da aka ce, a ajiye. Ba a ce a gyara ba. Maigida, na san hannunka. Don Allah kada ka taɓa."

Na ce, "Ni? Me zan taɓa a jikin tsohon duro?"

Kwana huɗu na yi ban taɓa ba (ina fatan an rubuta mini ladan waɗannan kwana huɗun). Rana ta biyar na duƙa zan ɗauki takalmi sai na ga jan tsatsa ta fara fitowa a ƙafar duron. Mu masu aikin mota ba mu da maƙiyi kamar tsatsa. Nan take na fara yi wa kaina huɗuba: amana aka ba ka, za ka zauna kana kallo ƙarfe ya ruɓe a zaurenka? Me za ka ce wa Baba? Kuma can ƙasan zuciyata, inda ba na so kowa ya leƙa, akwai wata magana daban: yau Baba zai san abin da ake kira tsabta.

Da Rabi ta tafi taya Inna kwashe laka a gida, na ɗora duro da waya a keke na kai rumfata. Na sa injin feshi, na sa sabulu, na sa buroshin ƙarfe, inda ya ƙi na sa sanfefa. Kwana biyu ina fama. Baƙin ruwa ya yi ta kwarara kamar na wanke injin tirela. Musa mai faci, maƙwabcina a bakin titi, ya zo ya tsaya a kaina yana sakace haƙori.

Ya ce, "Wannan baƙin fa da kake kankarewa, kamar da gangan ake barinsa. Duk masu gashin da na sani wayarsu baƙa ce."

Na ce, "Ƙazanta ce ta yi musu yawa."

"Kana nufin duk mahautan garin nan ba wanda ya taɓa jin labarin sabulu?"

"Musa, kai da iska kake aiki. Me ka sani a kan ƙarfe?"

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya koma kan tayarsa.

Da ƙarfe ya fito fari tas, sai na ɗauko gwangwanin da nake ɓoyewa a ƙasan akwati, wanda ba na buɗewa sai motar manyan mutane ta zo. Wani Alhaji ne ya kawo mini shi tsaraba daga tafiya. Launin ruwan ƙwai ne da shi, da ƙamshin lemo mai daɗi. Akwai wasu ƙananan rubutu na Turanci a bayan gwangwanin, ban taɓa karanta su ba, don a ganina wanda bai iya aiki ba ne yake karanta gwangwani. Na shafa wa wajen duron. Na shafa wa cikinsa. Sannan na zauna na bi wayar sanda bayan sanda, sama da ƙasa. A mota, in ka shafa folish gogewa kake yi har ya ɓace. A nan kuwa sai na yi dabara, na bar shi da kauri a duk mahaɗar ƙarfe, na cusa shi da ɗan yatsa, don kada tsatsa ta sami ko ƙofar allura. Na watsa ruwa don gwaji, ya dunƙule ya gangara kamar duwatsun carbi. Na ce, "Alhamdu lillahi." Na mayar da shi zaure na lulluɓe da tamfol, na ɗaure da igiya, na gaya wa Rabi don ƙura ne. Bayan sati biyu na ƙara shafa wani, saboda in ka fara alheri ai ba ka tsayawa a rabi.

Ruwa ya janye, aka sa ranar auren Sani, ƙanin Rabi. Amaryar 'yar gidan masunta ce daga wani ƙauye a bakin kogi. To, mahauta da masunta abokan wasa ne tun kakanni, ba sa haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba, kuma ba a yin fushi. Kawun amarya, wani tsohon masunci da ake kira Kawu Dauda, ya fi shekara ashirin suna wannan da Baba. In ya wuce ta wurin gashi sai ya toshe hanci ya ce, "Bawana, har yau ba ka tuba ka koma cin kifi ba?" Baba ya ce masa, "Matsa can, ƙarninka zai kore mini masu saye." Don haka da aka sa rana, Baba ya rantse shi da kansa zai yi gashin walima, raguna biyu, ba zai ɗauko kowa ba. Rabi ta ce cewa ya yi, "Bari masuntan nan su ci nama sau ɗaya, su san abin da suka rasa duk rayuwarsu." Sunansa ke nan ya ɗora a kan wannan gashin, a gaban mutanen da in suka kama shi da kuskure ɗaya, har jikokinsa sai sun ji.

Ranar biki an ce in kawo kayan da sassafe. Ban kai ba sai bayan an ɗaura aure, wajen ƙarfe sha ɗaya. Dalili? Na tsaya yi masa shafa ta uku.

Na sauke a ƙofar gida, inda aka kafa rumfa aka shimfiɗa tabarmi. Baba yana tsaye da wuƙa a hannu, nama a yanke cikin daro, ga mura ta kama shi tun aikin laka, hancinsa a toshe, idonsa ja. Na kwance igiya, na yaye tamfol da hannu ɗaya kamar masu buɗe sabon gini. Rana ta daki ƙarfe, sai da wasu suka kare ido.

Baba ya tsaya yana kallo. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙa yatsa ya shafa wayar, ya ji santsi (daga baya na ji cewa ya ɗauka man gyaɗa na shafa, abin da duk mai hankali zai shafa). Bai dube ni ba ya ce, "An wanke ta."

Na durƙusa na ce, "Eh, Baba."

Ya janye yatsansa daga kan wayar. Can ya ce, "Allah ya yi albarka."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an rataya mini lambar yabo. Sai daga baya Rabi ta gaya mini cewa a gidansu, in Baba ya faɗi wannan kalmar da wannan muryar, kowa wurin ɓuya yake nema. Da ɗansa ne ya yi, da a nan za a yi ta ta ƙare. Amma ni suruki ne, ba zai yi mini faɗa a gaban jama'a ba. Kuma saboda na makara, babu lokacin da zai bar wayar ta ci wuta ta ƙone kafin a ɗora nama, kamar yadda yake yi wa sabon ƙarfe. Baƙi sun kusa. Ya hura gawayi, ya goga rabin albasa a kai, ya shimfiɗa naman rago na farko.

Na koma can ƙarshen tabarma, inda ya dace suruki ya zauna, cikin sabuwar shadda, ina jiran a fara tambayar wa ya yi wannan aiki.

Hayaƙi ya fara tashi, fari, siriri, da wani ƙamshi. Wani daga cikin dattawa ya ɗaga hanci ya ce, "Turaren wa ne wannan mai kamar lemo?" Wani abokin ango, ba kunya, ya ce, "Nawa ne, Baba, sabon shigowa ne." Ni na san ƙamshin nan kamar yadda na san sunana. Da farko ma har murmushi na yi. Sai na kai ido kan wayar, na ga abin nan mai ruwan ƙwai da na cusa a mahaɗar ƙarfe yana tafarfasa, yana ɗiga cikin garwashi, kowane ɗigo ya yi cuu, ya tashi da hayaƙi, hayaƙin ya ratsa ta cikin nama. A nan ne wani tunani da ya kamata ya zo mini wata guda da ya wuce ya iso: duk abin da ya shiga hayaƙi, nama yake shiga. Shi ya sa Baba ba ya yarda a jefa ko leda a wutarsa. 

Ga laifina na gaske, kuma shi ne wanda har yau nake istigfari a kansa. Shafa folish wauta ce. Amma a wannan lokacin na sani, kuma da na tashi na yi magana, da an sauke naman kafin ya kai bakin kowa. Ban tashi ba. Na ce wa kaina ai suruki ba ya tsoma baki a aikin surukinsa, ai kunya ce. Ba kunya ba ce, tsoro ne. Na zauna ina roƙon Allah ya sa yaji ya rufe.

Masunta suka iso, Kawu Dauda a gaba, da kwandon bandar kifi a matsayin gudummawa. Tun kafin ya zauna ya ce, "Bawana, ga abinci na kawo, ko da naka ya ƙi ciwuwa." Baba ya ce, "Ajiye shi can bayan gida, kyanwa ta gode." Aka yi dariya. Baba ya sauke nama, ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya jera albasa da tumatir. A ido, ban taɓa ganin balangu mai kyau kamarsa ba. Farantin farko aka ajiye a gaban Kawu Dauda.

Ya yi bismilla, ya ɗauki tsoka, ya jefa a baki. Ya tauna sau ɗaya, sau biyu. Ya tsaya. Ya dubi sama kamar mai son tuna wani abu. Ya juya ya tofar a hankali, ya share baki da hannun riga.

Ya ce, "Mahauci."

Baba ya ce, "Faɗi, ka ji abin da ba ka taɓa ji ba."

"Wallahi na ji. Ragon nan a tashar mota ya girma?"

Aka fashe da dariya, an ɗauka wasan da aka saba ne. Amma sai na kusa da shi ya tofar, na gaba ma ya tofar. Wani ya ce, "Kamar na lashi sitiyari." Wani ya nemi buta. Dariya ta fara mutuwa. Baba ya zo ya ɗauki tsoka ɗaya ya sa a baki. Hancinsa a toshe yake, amma harshensa lafiya lau. Na ga fuskarsa ta sauya, kuma ba fushi na gani ba, tsufa na gani. Mutumin da ya yi shekara talatin ba a taɓa mayar masa da nama ba, yana tsaye a ƙofar gidansa, ranar auren ɗansa, masunta suna kurkure baki.

Ya koma ya tona gawayi, ya fasa ɗaya ya duba. Ya duba daron nama. Sannan ya ɗauki robar yaji ya juya ta a hannu, ya ɗaga murya zuwa cikin gida. "A ina aka ajiye yajin nan?"

Inna ce take daka masa yaji tun da aka yi aurensu. Muryarta ta fito daga bayan zaure. "Inda ake ajiye shi kullum."

"Lokacin ruwa ba a haɗa shi da kayan turare ko kananzir ba?"

Inna ta matso bakin zaure. Sannan ta ce, "Malam, shekara talatin ina daka maka yaji. Yau a gaban baƙi za ka tambaye ni ko na zuba kananzir?" Muryarta ta karye a ƙarshen maganar, kowa ya ji.

Salulata ta yi ƙara a aljihu. Rabi ce. Na ɗaga kai na hango ta a bakin zaure, ta ɗan ɗaga labule, idonta a kaina. Matar da kullum take wanke rigunan aikina, ai ba sai an gaya mata ƙamshin mene ne ba. Na ɗauka, ta ce, "Ko ka tashi ka faɗa, ko in fito in faɗa." Ta kashe.

Tsakanin ƙarshen tabarma da inda Baba yake bai fi taku goma ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Na cire takalmi, na cire hula, na durƙusa. Na ce, "Baba, ba yaji ba ne. Inna ba ta da laifi. Ni ne. Folish na shafa wa wayar."

Wani ya ce, "Me ya ce?"

Wani ya amsa, "Folish. Na mota."

Baba bai dube ni ba. Ya juya wajen ƙaninsa da ke tsaye a gefe ya ce, "A tambaye shi, ciki ko waje."

Na ce, "Duka, Baba."

"A tambaye shi sau nawa."

"Sau uku."

Da a nan na tsaya, da yau ina da sauran mutunci a unguwar nan. Amma shirun ya yi mini nauyi, kuma wani abu a cikina, abin nan dai da ya sa na raina maganar Musa mai faci, ya ga ya kamata a san ba aikin banza na yi ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Amma Baba ba jabu ba ne. Mai kyau ne, na waje ne."

Kawu Dauda ya kwanta a kan tabarma. Ba zuzutawa nake yi ba, kwanciya ya yi, yana dukan ƙasa, hularsa ta gangara. Yana cewa, "Na waje ne! Jama'a ku kwantar da hankalinku, ba jabu muka ci ba, na waje ne!" Dattawan da suka yi ƙoƙarin riƙe fuska suka kasa. Har daga cikin gida na ji mata sun ɗauka. Ni kuwa ina durƙushe ina kallon wata tururuwa tana wucewa, ina yi mata hassada.

Baba ya bari aka gama. Abu na farko da ya yi, ya taka har bakin zaure ya ce, yadda kowa zai ji, "Ki yi haƙuri. Yajinki lafiya yake." Sannan ya sa aka kwashe naman farko duka aka haƙa rami aka binne, ya ce ko kare ba za a ba wa ba. Rabin rago ke nan. Ya juye garwashin, ya sa aka kawo itace aka hura wuta mai ƙarfi a cikin duron da kan wayar, har ƙarfe ya yi ja, ƙamshin lemo ya bi unguwa. Da ta huce ya ce wa ƙaninsa, "Tunda ya iya wanki, a ba shi yashi da toka." Haka na naɗe hannun sabuwar shadda na durƙusa a gaban baƙi ina dirza, duk wanda ya wuce ya ce, "Sannu, Na-Waje." Aka ɗauraye, aka sake mayarwa wuta.

Duk wannan ya ci daga azahar har bayan la'asar, kuma mutane suna jin yunwa. Ba yadda aka iya, aka buɗe kwandon Kawu Dauda. A auren ɗan mahauci, a ƙofar gidan mahauci, aka ci kifi. Kawu Dauda da kansa yake rabawa, yana cewa, "Ci, ci, wannan ko man gyaɗa ba mu shafa masa ba, balle na waje."

Da wayar ta yi zafi karo na biyu, Baba ya yanko wani dunƙulen kitse, ya soke shi a tsinken ƙarfe, ya miƙo mini. A karo na farko tun da na auri 'yarsa ya yi mini magana kai tsaye. Ya ce, "Goga. Sanda bayan sanda, yadda ka yi wancan." Na goga, kitse yana narkewa yana shiga ƙarfe, farin yana komawa ruwan ƙasa. Ya ce, "Baƙin da ka kankare, shi ne yake hana ta tsatsa. Shi ne yake hana nama kamawa. Shekara talatin na yi ina shafa shi." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Naman da ya rage ya gasu, ya yi daɗi, an ce. Ni ban ci ba. Kawu Dauda ya cinye faranti guda yana cewa bai kai kifi ba, sannan ya sa aka ƙunsa masa wani a takarda ya tura aljihu.

Watanni na yi ina zuwa gaisuwa Baba yana amsawa da "lafiya" ɗaya tak. Na je na ba Inna haƙuri, ta ce ta yafe, amma sai da ta tambaye ni ko tukwanen Rabi suna lafiya. Na sa a raina shi ke nan, ba za a sake ba ni ajiyar ko tsintsiya ba, kuma ban ga laifin kowa ba.

Damina ta zagayo, kogi ya sake cika. Buhuna suka tafi gidan mai injin casa, akwatuna gidan malamin makaranta. Ina zaune da yamma sai ga keke ya tsaya a ƙofar gidana, da duro da waya, wayar har ta fara komawa baƙa, da wata 'yar leda ɗaure a jikin ƙafar duron. Na kwance, kitse ne. Na dubi Rabi.

Ta ce, "Baba ya ce in ka ga tsatsa, ka ɗumama ta ka goga wannan."

Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

"Ya ce kuma in gaya maka ka duba ta da kyau, ba ta da taya, ba ta da lamba."

Shekara huɗu ke nan tana yin damina a zaurena, kuma duk shekara da wannan saƙon take zuwa, ba a rage ko harafi. Na koyi cewa ba kowane baƙi ne datti ba, wani aikin shekara talatin ne, kuma in aka ce maka ajiye, to ajiye aka ce. Na kuma koyi cewa in ka durƙusa neman gafara, ka faɗi laifinka ka rufe bakinka, ba wurin tallar kaya ba ne. Gwangwanin yana nan a ƙasan akwati, na karanta bayansa daga baya (Musa ne ya taya ni, an rubuta ɓaro-ɓaro kada a kusantar da shi wuta). Mota kawai yake gani yanzu. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, in na wuce ta zaure da safe na ga wayar nan, har yau hannuna yana ƙaiƙayi. Sai in tura shi a aljihu in fita.